Mai Kaza a Aljihu Ba Ya Jimirin As

Duk wanda ya taɓa ratsa shingen bincike da kwamfuta a jaka ya san yadda maganar take farawa. "Samari, daga ina? Mene ne a jakar nan? Buɗe. Me kake yi da ita?" Mu da sana'armu rubuta manhaja ce, ko iyayenmu ma sai mun sha fama kafin su fahimci abin da muke yi, balle mai bindiga a bakin titi bayan magariba. Mun saba. Mukan buɗe jaka, mu nuna katin aiki, mu yi murmushin dole, a sallame mu.

Wata rana dai abin ya wuce na murmushi. Mu uku ne a cikin motar haya muna dawowa daga wani aiki, aka tsayar da mu a wani shinge. A gabanmu akwai mai adaidaita sahu, yaro ne da bai fi shekara ashirin ba, ana jayayya da shi a kan kuɗin da ya ce ya riga ya bayar da safe. Sai muka ji tas! Mari. Aka ƙara masa, aka bi da gindin bindiga a kafaɗa. Ɗaya daga cikinmu ya ɗaga waya. Ko minti ɗaya bai yi ba aka gan shi. "Kai! Sauke wayar nan! Wa ya ba ka izini?" Ya ce, "Yallaɓai, ai ban hana ku aikinku ba." Aka fisge wayar, aka tsaya a kansa har ya goge bidiyon, aka shiga kwandon shara na wayar aka sake gogewa.

Marin ya yi mana ciwo, ƙwace wayar ma haka. Amma abin da ya tsaya mana a rai har yau shi ne maganar wani dattijo da ke zaune kusa da direba. Da muka tashi, ya waiwayo ya ce wa abokin namu, "Ɗana, ina ruwanka? Ka kusa jawo mana kwanan caji ofis. Allah Ya shirye ku, yaran zamani." Sauran fasinjoji suka gyaɗa kai. Babu wanda ya ambaci yaron da aka daka.

Da wannan dattijo muke jayayya a rubutun nan, cikin ladabi, domin sa'an mahaifinmu ne, kuma tsoronsa yana da dalili. Da shi da duk mai irin ra'ayinsa. Matsayarmu ita ce: ɗaukar bidiyon jami'in tsaro yana aikinsa a bainar jama'a haƙƙi ne, kuma a ƙasar da maganar talaka ba ta da nauyi a gaban ta mai kaki, wayar nan ita ce shaidar da ta rage masa. Wanda ya ɗaga ta ya cancanci mu tsaya masa. Wanda ya ɗauka kuma ya kamata ya san cewa amana ya riƙe.

Bari mu fara da inda aka fi sanin labarin. Ranar 25 ga Mayu, 2020, George Floyd ya mutu a hannun 'yan sandan birnin Minneapolis na Amurka. Sanarwar farko da rundunar ta fitar ta nuna cewa wani mutum ne ya gamu da matsalar rashin lafiya yayin da ake kama shi, ya rasu a asibiti. Babu batun gwiwa a kan wuya a cikinta. Da a nan labarin zai ƙare, kamar yadda dubbai suka ƙare. Sai dai wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, tana tsaye a gefen titi da wayarta, ba ta sauke ba har aka gama. Duniya ta ga Derek Chauvin ya danne wuyan mutum da gwiwa sama da minti tara. A watan Afrilun 2021 kotu ta same shi da laifin kisa, aka yanke masa shekara 22 da rabi. Kafin wannan, a 2015, wani ɗan sanda a jihar South Carolina ya harbe Walter Scott, ya ce tsoron ransa ya ji. Bidiyon wani mai wucewa ya nuna Scott yana gudu ne aka harbe shi ta baya. Shi ma ɗan sandan ya samu shekara 20.

A duka biyun akwai rahoton hukuma, rubutacce, da hatimi. A duka biyun rahoton ya sha bamban da abin da ya faru. Abin da ya raba gardama shi ne wani ɗan kallo da bai ce "ina ruwana" ba. Gani ya kori ji.

Wani zai ce wannan ai Amurka ce. To mu dawo gida. A watan Satumban 2019, masu sana'a irin tamu a Legas suka tayar da gangamin #StopRobbingUs, saboda yadda ake tare matasa masu kwamfuta a ce 'yan damfara ne, a raka su na'urar cirar kuɗi. Shekara guda bayan haka, farkon Oktoban 2020, wani bidiyo daga Ughelli ta jihar Delta ya bazu, zanga-zangar #EndSARS ta ɓarke. Ranar 11 ga watan, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya sanar da rushe rundunar SARS. Ranar 20 ga watan sojoji suka buɗe wuta a mashigar Lekki, DJ Switch tana watsawa kai tsaye a Instagram. Da farko rundunar soja ta ce labarin ƙarya ne. Daga baya ta yarda cewa sojojinta sun je wurin, amma harsashin da ba ya kisa suka harba. Daga baya kuma wani janar ya faɗa wa kwamitin binciken jihar Legas cewa sun je da harsasai masu rai. Kowane mataki na wannan ja da baya, bidiyon mutane ne ya tilasta shi. Har yau ana gardama a kan adadin waɗanda suka mutu, gwamnati ma ta ƙi amincewa da wani sashe na rahoton kwamitin mai shari'a Doris Okuwobi. Amma babu mai iya cewa ba a je ba, ba a yi harbi ba. A Yulin 2024 kotun ECOWAS ta yanke cewa Nijeriya ta take haƙƙin masu zanga-zangar da suka kai ƙara.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya: a wancan lokaci yawancinmu a Arewa mun naɗe hannu. Gwamnoninmu sun fito sun ce SARS tana da amfani a yankinsu. A shafukanmu mun yi ta cewa rigimar 'yan Kudu ce, mu 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane ne damuwarmu. Damuwar gaskiya ce, babu mai musu. Kuskurenmu shi ne zaton da muka yi cewa wutar da ta kama gemun maƙwabci ba za ta iso namu ba.

Ta iso a watan Agustan 2024. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Neja da Borno. Rundunar 'yan sanda ta musanta. Sannan ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗanda aka kama a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa. A cikinsu akwai ƙananan yara daga Kano da Kaduna, sun yi kusan wata uku a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowanne. Wata ukun nan iyayensu suna kuka, lauyoyi suna magana, babu wanda ya motsa. Da bidiyon yaran ya fita, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje, suna wawar biskit, ko kwana huɗu ba a yi ba Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Rundunar ta ce sumar shiri ce. Ko da mun bar wannan gardamar a gefe, ramar jikinsu da ƙanƙantar shekarunsu ba abin da za a shirya ba ne. 'Ya'yanmu ne, kuma kyamara ce ta fito da su.

Yanzu mu saurari masu adawa, domin suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi.

Na farko suna cewa doka ta hana. Wace doka? Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin karɓar bayanai da yaɗa su. Kakakin rundunar 'yan sanda ta ƙasa da kansa ya fito ya ce ɗaukar hoton ɗan sanda a bakin aiki ba laifi ba ne. Tun Oktoban 2020 kuma hedikwatar rundunar ta haramta wa jami'anta binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai a kan hanya. Abin da yake laifi shi ne hana jami'i aikinsa: ka shiga tsakaninsa da wanda yake kamawa, ko ka tunzura taro. Mutumin da ke tsaye nesa da waya a hannu bai hana kowa komai ba. Idan aikin da ake yi halal ne, me kyamara za ta rage masa? Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Na biyu suna cewa tonon asiri ne, kuma an hore mu da suturta aibin ɗan'uwa. Wannan magana tana da daɗin ji, amma an ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Suturar da malamanmu suka koyar ta shafi laifin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa, a ɓoye, bai cuci kowa ba. Wanda ya ɗauki bindigar da aka saya da kuɗin jama'a, ya tsaya a titin jama'a, ya daki ɗan mutane da rana tsaka, wane asiri ya rage da za a rufa masa? A nan akwai wanda aka zalunta, kuma malaman nan dai su suka koya mana cewa ɓoye shaida zunubi ne. In aka rufa wa mai mari asiri, an tona na wanda aka mara ke nan, domin gobe shi za a rubuta cewa ya yi wa jami'i taurin kai.

Na uku suna cewa ana karya gwiwar jami'an da ke sayar da ransu dominmu. Wannan ita ce hujjar da ta fi taɓa mu. Kusan kowannenmu yana da ɗan'uwa ko abokin makaranta a aikin ɗan sanda. Mun san albashin, mun ga barikin, mun halarci jana'izar waɗanda 'yan bindiga suka yi wa kwanton ɓauna. Amma a duba da kyau, wa kyamara take cutarwa? Ɗan sandan da aka yi wa sharrin karɓar cin hanci, bidiyo ne zai wanke shi. Wanda ya yi harbi domin an zaro masa wuƙa, bidiyo ne zai nuna wuƙar. Abin da ke zubar da mutuncin kaki shi ne mutum goma su yi ɓarna, dubu su ɗauki zagin, saboda babu hanyar bambance su. Sannan aikin tsaro da bayanan jama'a yake tafiya. Yaron da aka daka da gindin bindiga a kan kuɗin shinge, ranar da ya ga masu kai wa 'yan bindiga fetur, wurin wa zai kai rahoto?

Na huɗu suna cewa bidiyo yana ƙarya: ana yanke shi, ana ɗauko na wata ƙasa a ce na nan ne, yanzu ma ga ƙirƙirarriyar basira tana haɗa abin da bai faru ba. Wannan gaskiya ne, kuma mu da muke cikin harkar mun fi kowa sani. Ko bidiyon Ughelli da ya kunna wutar #EndSARS, 'yan sanda sun ce saurayin bai mutu ba, kuma ba jami'an SARS ba ne. Bidiyo yana nuna abin da ke gaban kyamara ne kawai, daga lokacin da aka danna zuwa lokacin da aka tsayar. Tarihi ma ya nuna cewa ko cikakken bidiyo ba ya yanke hukunci da kansa. A Maris na 1991 wani mutum ya ɗauki 'yan sandan Los Angeles suna jibgar Rodney King. Duniya ta gani. A kotu lauyoyin 'yan sandan suka rage gudun bidiyon, suka bi shi hoto bayan hoto, suna fassara kowane motsin King a matsayin barazana. A Afrilun 1992 aka sallami jami'an, birnin ya kama da wuta, sama da mutum 50 suka mutu. Sai a shari'a ta biyu, a 1993, aka samu biyu daga cikinsu da laifi.

To amma mene ne maganin shaidar da za a iya gurɓatawa? A hana ba da shaida? Mutum ma yana ƙarya a kotu bayan ya yi rantsuwa, ba a ce a daina kiran shaidu ba. Maganin shi ne a inganta ta. A nan ne za mu juyo kan kanmu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dubi abin da muke yi da bidiyo idan mun samu. Mu yanke daƙiƙa talatin da suka fi tayar da hankali, mu ɗora waƙar tausayi, mu manna sunan shafinmu a tsakiya, mu tura guruf ashirin. Kowace turawa a WhatsApp ko ɗorawa a Facebook da TikTok tana matse fayil ɗin, ta rage ingancinsa, kuma yawanci tana share bayanan da ke maƙale da shi: ranar ɗauka, lokaci, irin wayar, wani sa'in har da wurin. Kafin ya isa hannun lauya, lambar motar ta dushe, sunan da ke ƙirjin rigar ba ya karantuwa, babu wanda ya san wa ya ɗauka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuwa yana buƙatar a yi wa kotu bayanin na'urar da ta samar da shaidar da yadda aka samar da ita. Bidiyon da ba a san asalinsa ba, lauyan da ya san aikinsa cikin minti biyar zai watsar da shi. Mun samu masu kallo dubu ɗari, wanda aka zalunta ya tashi a tutar babu.

Abin da ya kamata ba shi da wuya. Ka tsaya nesa, inda ba za a ce ka tare hanya ba. Kada ka yi zagi, domin muryarka ma tana shiga. Ka bar kyamara tana tafiya, kada ka riƙa tsayarwa kana ci gaba. In da hali ka ambaci rana da wuri da bakinka, ka ɗauko allon wani shago ko lambar mota. Ka saita wayarka tun yau ta riƙa ajiye kwafi a ma'ajiyar intanet irin Google Drive, ta yadda ko an tilasta maka gogewa akwai saura. Kada ka taɓa fayil na asali. In za ka tura wa lauya, tura shi a matsayin takarda, yadda manhajar ba za ta matse shi ba. Akwai lissafin da ake kira SHA-256, wanda yake fitar wa kowane fayil lambar da ta zame masa kamar zanen yatsa: ko ɗigo ɗaya aka canza, lambar za ta canza. Duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai iya fitar maka da ita cikin daƙiƙu, kuma da ita ake tabbatar da cewa ba a taɓa bidiyon ba tun ranar da aka lissafa ta. Kafin ka watsa, ka nemi yardar wanda aka zalunta ko iyalinsa, ka rufe fuskar yara da mata da aka ci wa mutunci. Ka kai kwafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko wurin lauya. Kada ka saki sunan wani jami'i bisa zato, kada ka nuna gidansa. Wanda ya nemi adalci ba ya kiran taron dukan kawo wuƙa. Sama da duka, idan aka juyo da bakin bindiga kanka, sauke wayar. Ranka ya fi kowane bidiyo.

Ita ma hukuma akwai abin da muke bin ta. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar bayanin amsa laifi a bidiyo. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta haramta duka domin a tatsi magana. Umarnin rundunar mai lamba 237, wanda aka yi wa gyara a 2019, ya taƙaita harbi ga inda rai yake cikin haɗari na nan take. Dokokin suna nan a takarda. A caji ofis nawa ne ake kunna kyamara kafin a fara tambayar wanda ake zargi? Masu cewa a rataya wa 'yan sanda kyamara a ƙirji muna tare da su, amma da sharaɗi. Wani babban gwaji da aka yi a birnin Washington, wanda sakamakonsa ya fito a 2017, ya shafi jami'ai sama da 2,000, bai gano wani bambanci na a zo a gani ba wajen amfani da ƙarfi tsakanin masu kyamara da marasa ita. Mu masu gina manhaja ba mu yi mamaki ba. Tambayar farko da muke yi a kan kowane tsari ita ce: wa yake riƙe da mabuɗin ma'ajiya, wa yake da ikon gogewa? Kyamarar da mai ita zai kashe lokacin da ya ga dama, bidiyonta kuma yana hannun ogansa, ado ce kawai. A Chicago an harbe Laquan McDonald a Oktoban 2014, kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauka, amma sai da aka yi sama da shekara, alƙali ya ba da umarni, kafin jama'a su gani. Shi ya sa kyamarar hukuma ba za ta taɓa maye gurbin ta ɗan kallo ba. Kuma muddin ana amfani da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet wajen kama 'yan jarida da masu wallafa abin da bai yi wa manya daɗi ba, ko bayan gyaran da aka yi mata a 2024, duk wata sanarwar cewa "kuna da 'yancin ɗauka" za ta zama an ba ka da dama an karɓe da hagu.

Mu koma cikin motar nan. Baba, mun san abin da ka gani a rayuwarka. Ka zo duniya lokacin da maganar ɗan doka ita ce ƙarshe, ka koyi cewa mai son kwana a gida yakan kawar da kai. Ba mu raina wannan hikima ba, ita ta kawo ka wannan shekaru. Amma kawar da kan da aka yi shekara da shekaru bai rage marin ba, bai rage kuɗin shinge ba. Yaron adaidaitan nan jikan wani ne. Ba ma neman ka ɗaga waya. Abin da muke roƙo kaɗan ne: ranar da wani ya ɗaga, aka fisge, kada ka juyo kansa da faɗa. Ka dubi mai kakin, da furfurarka da girmanka, ka ce, "Yallaɓai, ba shi wayarsa. Ni ma na gani."